Bashi Mai Juyawa: Bashin Da Ba A Yanka Masa Ranar Ƙarewa

Saƙonnin da ke shigowa wayoyinmu daga bankuna da kamfanonin bayar da rance sun sauya salo a 'yan shekarun nan. A da, mai neman bashi shi ke zarya: ya cike takardu, ya nemo mai tsaya masa, ya yi ta jira kafin a ce masa e ko a'a. Yanzu kuwa mutum na zaune a shagonsa sai waya ta yi ƙara, ya duba ya ga an ce an ware masa naira 500,000, ya ɗiba duk lokacin da ya ga dama. Sana'ata ita ce riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafan lissafi a Kano, don haka irin waɗannan saƙonni sukan zo gabana. Mai shi ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, duba mini wannan. Wane irin bashi ne kuma? In karɓa ko in ƙyale su?"

Amsar ba ta yiwuwa a tsaitsaye, domin abin da ake tallata masa ya sha bamban da bashin da ya sani. Shi ne bashi mai juyawa. A kansa aka gina katin bashi, da damar cirar kuɗi fiye da abin da ke cikin asusu wadda ma'aikatan banki ke ce wa obadiraf, har ma da aron katin waya da kusan kowa ya taɓa yi. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: kowane bashi ana yanka masa ranar ƙarewa, ban da wannan. Idan wanda ya ci bai yanka masa rana da kansa ba, wanda ya ba shi ba zai yanka masa ba.

Yadda yake juyawa

Bashin da muka saba da shi a fili yake. Ka karɓi naira 300,000 don haɗa kuɗin babur, aka ce za ka biya cikin wata 12, kowane wata kaza. Ranar da ka biya na ƙarshe, magana ta ƙare. In kana son wani, sai ka sake nema daga farko.

Mai juyawa kuwa ya fi kama da littafin mai shagon unguwa. Magidanci ya yi magana da mai shago cewa iyalinsa za su riƙa karɓar kaya, amma kada abin ya wuce naira 50,000. Yau a karɓi shinkafa, gobe sabulu, jibi man gyaɗa, ana rubutawa. Albashi ya shigo, ya kai 30,000, aka soke, sai damar ɗaukar kaya ta sake buɗewa daidai abin da ya biya. Littafin ba ya rufuwa; shekara da shekaru ana ɗauka ana ragewa. Inda suka rabu shi ne mai shago ba ya ɗora komai a kan ragowar. Banki kuwa a kan wannan ragowar yake cin abincinsa.

Abu na farko da banki ke yi shi ne ya sanya maka iyaka, bayan ya duba albashinka ko yawan kuɗin da ke shiga asusunka. A ce iyakar naira 500,000 ce. Matuƙar ba ka taɓa ta ba, ba a bin ka kuɗin ruwa. Ka sayi kaya na 200,000, sai a fara bin ka 200,000, saura 300,000 da za ka iya ɗiba. Ka mayar da 50,000, abin da za ka iya ɗiba ya koma 350,000, ba tare da ka sake cike takarda ko ganin fuskar kowa ba.

A ƙarshen kowane wata za a aiko maka da takardar lissafi. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci a cikinta: jimillar abin da ake bin ka, ranar da za ka biya, da mafi ƙarancin abin da aka yarda ka biya. Daga nan hanya ta rabu uku. Ko dai ka biya duka kafin ranar, wanda a yawancin katunan bashi hakan na nufin ba a ɗora maka kuɗin ruwa ko sisi a kan sayayyar. Ko ka biya wani abu ka bar saura, sai sauran ya tsallaka wata mai zuwa ɗauke da kuɗin ruwa. Ko kuma ka kasa biyan ko da mafi ƙarancin, sai tara ta hau, sunanka kuma ya shiga jerin masu taurin bashi. Duk ribar wannan kasuwa tana kan hanya ta biyu ne.

Daga Edinbara zuwa Faresno

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1728 bankin Royal Bank of Scotland ya yarje wa wani ɗan kasuwa na birnin Edinbara mai suna William Hog ya riƙa cirar kuɗi har fam 1,000 fiye da abin da ke asusunsa, a riƙa cajinsa a kan abin da ya cira kawai. Wannan shi ake ɗauka a matsayin obadiraf na farko, kuma don ɗan kasuwa aka yi shi, wanda kuɗinsa ke shiga suna fita.

Katin Diners Club da ya fito a Amurka a 1950 bai ba da damar barin saura ba. Duk abin da mutum ya ci a wata, sai ya biya shi cif a ƙarshen watan. Babban sauyin ya zo ne a watan Satumba na 1958, lokacin da Bank of America ya aika wa mutanen garin Faresno na jihar Kalifoniya katuna kusan 60,000 ta gidan waya, ba tare da kowa ya nema ba. Mutum ya buɗe ambulan ya tarar an ba shi damar cin bashi, kuma an ce ba dole ne ya biya duka a ƙarshen wata ba. Bankin ya yi hasashen kashi 4 cikin 100 ne za su yi jinkirin biya, sai ga shi sun kai kashi 22. An tafka asara a farko, amma bankin bai janye ba, domin ya gane inda ribar take. Wannan katin ne ya zama Visa a 1976. Amurka ta haramta aika wa mutane katin da ba su nema ba a 1970, sai dai al'adar ta riga ta kafu. A 2023 bashin da ke kan katunan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1, a daidai lokacin da matsakaicin kuɗin ruwan katin ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara.

Na kawo wannan tarihi ne don mu ga cewa abin da ke shigowa wayoyinmu yau ba tare da mun nema ba, wasu sun riga mu ganin irinsa, kuma mun san yadda ta kaya musu.

Mafi ƙarancin biya

Wani malamin makaranta, ƙanin abokina, ya taɓa zuwa wurina da takardun lissafin katinsa a cikin leda, an jera su wata bi wata. Ya yi amfani da katin ne lokacin da matarsa ta haihu aka yi mata aiki, kuma babu wanda zai zarge shi a kan haka. Ya shimfiɗa takardun a kan teburina, ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshe ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya. Duk abin da suka ce in biya, ranar da albashi ya shigo nake turawa. To me ya sa abin ba ya raguwa?"

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa fashi ba. Na ɗauki biro na ja layi a ƙarƙashin lambobi biyu a kowace takarda: abin da ya biya, da kuɗin ruwan da aka ɗora a watan. Da muka jera su gefe da gefe, sai ya yi shiru yana kallo. Fiye da rabin abin da yake turawa kowane wata kuɗin ruwa ne ke cinyewa. Ɗan abin da ya rage ne ke taɓa uwar kuɗin. Lambar da aka rubuta masa da manyan baƙaƙe, wadda ya ɗauka ita ce abin da ya kamata ya biya, ita ce mafi ƙarancin abin da zai hana a ci shi tara.

Bari mu yi lissafin da lambobi masu sauƙi, na misali kawai. A ce ana bin ka naira 200,000, kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 a wata, mafi ƙarancin biya kuma kashi 5 cikin 100 na abin da ake bin ka. A watan farko za a ɗora 6,000, bashin ya zama 206,000. Mafi ƙarancin biya 10,300. Ka biya, saura 195,700. Wato cikin 10,300 da ta fita daga aljihunka, 4,300 ce kaɗai ta rage bashin. Wata na biyu, da yake bashin ya ɗan ragu, abin da za a ce ka biya shi ma zai ɗan ragu, sai ka ji kamar sauƙi ne ya zo. Ka ci gaba a haka har shekara guda ba tare da ka sake sayen komai da katin ba: ka biya kusan 110,000, kusan 64,000 daga ciki kuɗin ruwa ne, kuma har yanzu ana bin ka kusan 154,000. Kafin bashin ya sauko rabi, sai an yi wata 32. A lokacin ka riga ka biya kusan 240,000, fiye da abin da ka ci tun farko, ga kuma 100,000 na nan a wuyanka.

Yanzu mu sauya abu ɗaya tak. Maimakon ka riƙa bin lambar da ke raguwa, ka tsaya a kan 10,300 ɗin farko kowane wata. Cikin wata 30 bashin ya mutu gaba ɗaya. In kuwa ka daure ka riƙa biyan 25,000, wata 10 ka gama, kuɗin ruwan da za ka biya duka-duka kusan 32,000. Bashin ɗaya ne, bankin ɗaya ne, kuɗin ruwan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya yanke adadin biyan: kai ko su.

Wannan lamba tana aiki a kan tunanin mutum fiye da yadda ake zato. Wani masani a Jami'ar Warwick ta Ingila, Neil Stewart, ya nuna a bincikensa na 2009 cewa ganin mafi ƙarancin biya a takarda yana janyo masu biyan wani ɓangare su biya ƙasa da abin da za su biya da ba su gan shi ba. Ido na sauka a kan ƙaramar lamba, sai zuciya ta kwanta a kanta. Shi ya sa dokar katin bashi da Shugaba Obama ya sanya wa hannu a 2009 ta tilasta wa bankunan Amurka su rubuta a kowace takarda tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in mafi ƙarancin kawai yake biya, da adadin da zai riƙa biya in yana son gamawa cikin wata 36. A Birtaniya kuma, tun 2018 an wajabta wa masu ba da kati su tuntuɓi duk wanda ya yi wata 18 yana biyan kuɗin ruwa da caji fiye da abin da yake rage uwar kuɗi. Inda ba a rubuta maka irin wannan gargaɗi ba, kai za ka ɗauki biro ka yi wa kanka.

Abubuwan da ke cikin ƙananan rubutu

Akwai wasu sharuɗɗa da ba a faɗa da ƙarfi a talla, amma suna nan a takardar da mutum ke sanya wa hannu.

Na farko, kwanakin sassauci. Za ka ji an ce har kwana 45 babu kuɗin ruwa. A lura da wannan "har" ɗin. Ana ƙirgawa ne daga ranar da watan lissafi ya fara. Wanda ya yi sayayya a ranar farko zai samu kwana 30 na watan da 15 na jiran biya. Wanda ya saya a ranar ƙarshe, 15 ɗin kawai zai samu. Sannan wannan sassaucin na wanda ya biya duka ne. A yawancin katuna, da zarar ka bar saura ko kaɗan, sassaucin ya faɗi, sabuwar sayayya ma daga ranar da ka yi ta za a fara lissafa mata kuɗin ruwa, har sai ka wanke bashin tas.

Na biyu, cirar tsabar kuɗi. A ƙasar da mai kayan miya da mai adaidaita sahu suka fi son kuɗi a hannu, mutum zai so ya je na'urar ATM ko wurin mai POS ya ciro da katin bashi. Galibi wannan ba shi da kwanakin sassauci. Akwai cajin cira nan take, kuɗin ruwa kuma daga ranar yake farawa.

Na uku, yadda ake faɗin kuɗin ruwan. Kashi 3 a wata ba ya tayar da hankali a kunne, amma kashi 36 ne a shekara, in kuma ruwan na hawa kan ruwa ya kusa kashi 43. Wanda aka ce masa kashi 1 a rana, kashi 365 ake nufi a shekara. Duk wanda zai ba ka bashi, ka sa ya faɗa maka na shekara, tare da duk wani caji na buɗewa, na kula da asusu, na inshora da na jinkiri. Kuma a sani cewa kuɗin ruwan irin wannan bashi yana iya sauyawa. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa har ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, masu obadiraf da dama sun ga nasu ya bi sahu. A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da sefa ta Afirka ta Yamma akwai iyakar da doka ta gindaya: a 2014 an tsayar da ita a kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance.

Na huɗu, ƙarin iyaka. Mai biyan mafi ƙaranci ba fashi shi ne abokin cinikin da banki ya fi so, don haka ba a jimawa sai a aiko masa da albishir cewa an ɗaga iyakarsa. Iyaka ba dukiyarka ba ce. Mutum ya duba waya ya ga "za ka iya kashe 800,000", sai ya ji kamar yana da su, alhali ko kwabo daga ciki ba nasa ba ne.

Inda yake yin rana

Ba zan ɓoye cewa akwai dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke neman irin wannan dama ba. Ɗauki mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Azumi na gabatowa, ya san masu sari za su sauko daga Maraɗi da Damagaram da Maiduguri, kuɗinsa kuma suna hannun waɗanda bai gama karɓar balas daga gare su ba. Idan yana da obadiraf, zai ciri naira miliyan 3 ya sauke kaya yau. Kullum cinikin da ya shiga asusu yana rage bashin kai tsaye, kuɗin ruwa kuma a kan abin da ya saura ake lissafa shi, kwana-kwana. A ce ribar kayan 300,000 ce, ruwan kuma kashi 3 a wata. In kayan sun ƙare cikin mako shida, mafi yawan abin da zai biya 135,000 ne, ya tsira da sauran. Amma in kasuwa ta tsaya, kayan suka yi wata huɗu a shago, ruwan ya kai 360,000. Ya cinye ribar ya shiga uwar kuɗi.

A nan ake gane ma'aunin. Wannan bashi an yi shi ne don cike giɓin lokaci, tsakanin ranar da kuɗi za su fita da ranar da aka tabbata za su shigo. Ba ya cike giɓin samu. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa ranar 20 ga wata, in ya cike kwana goman da kati, wata mai zuwa albashin zai ƙare ranar 18, domin an fara cire na baya. Haka za a yi ta matsowa har a wayi gari albashi na shigowa ana kwashewa, shi kuma ya koma rayuwa a kan katin. A littattafan da nake riƙewa, alamar da nake fara dubawa ita ce wannan: asusun yana komawa sifili lokaci-lokaci, ko kuwa kullum yana ƙasa? Ɗan kasuwar da obadiraf ɗinsa ya shekara bai taɓa wankewa ba, ya daina juya bashin. Banki yake yi wa kasuwanci.

Ya riga ya shigo aljihunmu

Wani zai ce shi bai taɓa riƙe katin bashi ba, kuma gaskiya ne yawancin katunan da ke hannun mutanenmu na cirar kuɗin da mutum ya ajiye ne. Amma wanda ya taɓa danna *303# ya ari katin waya ya ɗanɗana. Kamfanin ya sa maka iyaka gwargwadon yadda kake sa kati. Ka ari 1,000, a cire kashi 15 a ba ka 850, ranar da ka sa kati a kwashe 1,000 cif, damar aro ta sake buɗewa. Mai yin haka kowane mako yana ba da 7,800 a shekara a kan aron da bai taɓa wuce dubu ɗaya ba.

A Kenya abin ya fi haka girma. A watan Janairun 2019 kamfanin Safaricom tare da bankuna biyu suka fito da Fuliza a kan asusun kuɗi na waya na M-Pesa: in kuɗinka bai kai ba, a cika maka, a riƙa cajinka kullum, duk kuɗin da ya shigo wayarka kuma a fara cire bashin. Miliyoyin mutane suka rungume shi, har ya zama wasu da shi suke sayen abincin yau da gobe. A 2022 sai da aka rage cajin saboda nauyin da ya yi wa talakawa.

Najeriya ma ta kama hanya. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da hukumar CREDICORP don faɗaɗa bai wa ma'aikata bashin sayen kayan buƙata. Kafin nan an riga an kafa abubuwan da ke sa mai bashi ba ya ɓuya. Lambar BVN, wadda aka fara a 2014, ta haɗa duk asusun mutum wuri guda. Wata doka ta 2017 ta tsara aikin kamfanonin da ke tattara tarihin bashin jama'a, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Jinkirin da ka yi a banki ɗaya, sauran za su gani ranar da ka je neman jari. Tun watan Agustan 2020 kuma, tsarin GSI na Babban Banki ya ba banki damar ɗibar abin da yake bin mutum daga asusunsa na wani bankin daban, bisa izinin da ya sanya wa hannu ranar karɓar bashin. Tunanin "in ya yi zafi sai in sauya banki" ya daina aiki. Game da manhajojin waya masu ba da rance, waɗanda wasunsu suka yi ƙaurin suna wajen aika wa dangin mutum da abokansa saƙonnin tozarci, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara yi musu rajista tun 2022. Kafin ka ba wata manhaja lambarka, ka duba ko sunanta na cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.

Maganar addini

Ga Musulmi, maganar ba ta tsaya a lissafin riba da asara ba. Ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi saboda jinkiri riba ce irin wadda shari'a ta hana, haramcinta kuma a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara, kusa da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da a rubuta bashi zuwa wa'adi sananne. Wasu kan ce ai su za su riƙa biya duka kafin ruwa ya hau. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC ta duba wannan a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta kuma yanke cewa katin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya cikin kwanakin sassauci. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗi, tare da tsayayyen kuɗin hidima da bai danganta da yawan bashin ko tsawon lokacinsa ba.

Kuma ba a rasa wasu ƙofofin ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukansu ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya, a yanka adadi a yanka rana, kuma farashin ba ya ƙaruwa. Ga adashi, ga ƙungiyoyin taimakon kai da kai na ma'aikata, ga kuma tsohuwar amanar kasuwa, inda yaro ke ɗaukar kaya wurin ubangidansa ya sayar ya kawo balas. Wanda ke cikin ruɗani game da wani kati ko wata yarjejeniya, ya kai takardar gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ya sa hannu.

Ga wanda ya riga ya shiga

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma yawancin waɗanda na gani a cikin wannan hali ba almubazzaranci ne ya kai su ba. Asibiti ne, kuɗin makaranta ne, haya ce. Mafita tana farawa ne daga daina ɗiba: a ajiye katin a gida, a cire shi daga manhajojin sayayya. Sai mutum ya rubuta duk abin da ake bin sa da kuɗin ruwan kowanne, ya yanke adadi tsayayye da zai riƙa biya, wanda ya fi mafi ƙarancin, kuma ba zai sauko da shi ba ko da takarda ta ce ya sauko. In basussukan da yawa ne, a biya mafi ƙarancin kowanne, duk rarar da aka samu a zuba ta kan wanda ya fi tsadar ruwa. Kada a ci sabon bashi don biyan tsoho a wata manhajar. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya je bankin da ƙafarsa tun kafin ranar biya ta wuce, ya nemi a mayar masa da shi bashi mai wa'adi, a rufe damar ɗiba. In kuma ya ga cajin da bai gane ba, ya rubuta ƙorafi ga bankin; in ba a warware ba, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin abokan ciniki.

Kai kuma da saƙon ya shigo wa yau, kada saurin amincewar ya ruɗe ka. Kafin ka danna komai, ka tambayi nawa ne kuɗin ruwan a shekara, ka tambayi kanka daga ina kuɗin biya za su fito, sannan ka rubuta ranar da za ka gama da hannunka. In ka kasa rubuta wannan rana, to ka bar musu kuɗinsu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya warware wa duk mai bashi bashinsa.